Waƙa a Bakin Mai Ita: Tarken Hanyar Binciken Jean Rouch a Treichville da Matsayin Ilimin Gida a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Kusan duk kundin digirin da ake rubutawa a sashen harsunan Afirka yana ɗauke da wani sashe mai suna hanyoyin gudanar da bincike. A nan ne ɗalibi yakan bayyana cewa ya karanta littattafai, ya ziyarci ɗakunan karatu, ya raba takardun tambayoyi, sannan ya yi hira da dattawa. Dattawan nan su ne a ƙarshen jeri, kuma a ƙarshen kundin ma sai an gama jera Turawa da farfesoshi ake kawo sunayensu. Alhali idan aka tankaɗe kundin aka rairaye, sau da yawa ɗan abin da yake sabo a cikinsa daga bakinsu ya fito.

Saboda haka matsalar da ke tsakanin jami'a da ilimin gida ba ta hana shi shiga ba ce. Ya daɗe da shiga, kuma da shi aka gina fannin nazarin Hausa tun daga tushe. Abin tambaya shi ne a wane matsayi yake shiga: a matsayin ɗanyen kaya da za a sarrafa, ko a matsayin ilimi mai ma'abota da hanyoyin tantance kansa? Masanin falsafa na ƙasar Benin, Paulin Hountondji, ya yi wannan ƙorafi a littafin da ya shirya a 1994 game da ilimin da ya tsiro daga cikin gida, inda ya nuna cewa bincike a Afirka yana tafiya ne kamar cinikin gyaɗa da auduga na zamanin mulkin mallaka: a tattara a nan, a sarrafa a can.

Wannan takarda za ta duba batun ta hanyar tarken aiki guda ɗaya, wato fim ɗin Moi, un noir, ma'ana "Ni, baƙar fata", wanda Bafaranshe masanin al'adu Jean Rouch ya ɗauka a 1957 a unguwar Treichville ta birnin Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa. An zaɓe shi ne domin ana lissafa shi cikin ayyukan farko da suka yi ƙoƙarin miƙa wa waɗanda ake bincike a kansu damar magana, kuma domin inda ya gaza ya fi inda ya yi nasara amfani ga ɗalibin harshe.

2.0 Treichville da 'Yan Ci-rani

Treichville tana kudu da tsakiyar Abijan, a tsallaken ruwa, Adjamé kuma tana arewa. A tsarin mulkin mallaka Turawa da ofisoshinsu suna tudun tsakiya da ake kira Plateau, 'yan ƙasa da baƙi kuwa aka tura su waɗannan unguwanni biyu. Sunan unguwar ma na wani Bafaranshe ne, Marcel Treich-Laplène. Abijan ta zama hedikwatar mulki a 1934, amma abin da ya buɗe mata ƙofar arziki shi ne haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, wanda ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa har cikin gari. Daga nan aka shiga neman lebura da 'yan dako, samari suka riƙa kwararowa daga arewa: Mosawa, Bambarawa, Zabarmawa, Hausawa da sauransu. Hanyar ba sabuwa ba ce ga Bahaushe, domin fataken goro sun san Gwanja da Bonduku tun kafin zuwan Turawa, kamar yadda Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) suka nuna. Abin da ya sauya shi ne yanzu bakin teku ake nufa. Har yau sawun mutanen Nijar yana nan a bakin mutanen Abijan: abincin nan na titi da ake kira garba, wato turaren garin rogo da soyayyen kifi, ana danganta sunansa da sunan Hausa Garba saboda masu sayar da shi.

Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adun Sanwai da Zabarmawa. A shekarun 1950 ya bi sawun 'yan ci-rani zuwa Ankara da Kumasi, ya buga rahoto a kan ƙaurarsu a 1956, sannan ya ci gaba da irin wannan aiki a Abijan. Bincike ne na ƙidaya: mutum nawa suka zo, daga ina, me suke yi, nawa suke samu. Cikin waɗanda ya ɗauka su taya shi tattara bayanai akwai wani saurayi Bazabarme daga Yamai mai suna Oumarou Ganda, wanda aka haifa a 1935. Ganda ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, an kai shi yaƙin Indoshin a kudu maso gabashin Asiya, ya dawo bai sami aiki a gida ba, ya gangaro Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Ke nan mai tattara bayanan shi kansa yana cikin waɗanda ake ƙirgawa.

3.0 Yadda Aka Yi Fim Ɗin da Abin da Ya Cim Ma

Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ƙarama ce ta hannu, mai amfani da wani, ba ta wuce kimanin sakan 25 a kowane ɗauka, kuma ba ta ɗaukar murya. Wannan naƙasu shi ya haifar da dabarar da ta ɗaukaka fim ɗin. An bi samarin ana ɗaukar su a wurin aiki, a mashaya, a filin dambe, a wurin rawa da bakin teku, kowannensu ɗauke da laƙabin wani tauraron majigi: Ganda shi ne Edward G. Robinson, Petit Touré shi ne Eddie Constantine, wani kuma Tarzan. Bayan an harhaɗa hotunan sai aka haska wa Ganda su, yana kallo yana magana, ana naɗar muryarsa. Abin da mai kallo yake ji, in ban da 'yan bayanan da Rouch yake sakawa a mashigar kowane kashi, mafi yawansa muryar ɗan dako ce tana fassara rayuwarta: gajiya, yunwa, takaicin ganin masu motoci, mafarkin zama zakaran dambe, da tunawa da wanka a kogin Kwara lokacin ƙuruciya. A kusa da ƙarshe Ganda yana tafe a bakin ruwa tare da wani yaro, yana kwatanta masa yaƙin Indoshin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi kamar mai jifa da gurneti. Babu takardar tambayoyin da za ta iya fito da wannan.

Dabarar tana da asali. A 1954 Rouch ya koma Ayoru, a gaɓar Kwara, ya haska wa Sarkawa masunta fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina da suka yi. Sun kalla, suka yi masa gyara. Babban abin da suka ƙi shi ne kiɗan da ya ɗora a kan hotunan farautar, domin a saninsu kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, kuma ba a farautarta sai cikin shiru. Rouch ya karɓi gyaran. Daga irin wannan ne ya gina abin da ya riƙa kira nazarin al'ada na tarayya, wato a mayar wa mutane abin da aka ɗauka daga gare su, su duba, su yi hukunci. Ya kamata ɗalibi ya lura da abin da ya faru a Ayoru da kyau. Masuntan ba bayani suka ƙara masa ba, tarke suka yi wa aikinsa, da ma'aunin sana'arsu, kuma ma'aunin nasu ya rinjayi nasa.

Fim ɗin Treichville ya fito a 1958, ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na can irin su Jean-Luc Godard sun yaba shi ƙwarai. Yabon ya cancanta. A lokacin da aka saba ganin baƙar fata a majigi yana rawa ko yana ɗauke da kayan Bature, wani ya zo yana cewa "ni", yana yanke hukunci a kan birni da masu mulkinsa.

4.0 Inda Hanyar Ta Tsaya

4.1 Harshe

Abu na farko da ɗalibin harshe zai lura da shi shi ne cewa Ganda da Faransanci yake magana. Faransanci ne na titi da bariki, mai rai da zafi, amma ba harshen da ya tashi da shi ba ne, kuma ba da shi ɗan ci-rani yake hira da ɗan garinsu idan dare ya yi ba. An ba shi damar magana, amma da harshen da mai kallo na Faris zai fahimta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kalmomi su ne ma'ajiyar rabe-raben da al'umma take yi wa rayuwarta. A Hausa kaɗai, ci-rani daban, fatauci daban, yawon duniya daban, gudun hijira daban, almajiranci daban, kuma wanda ya tafi bai waiwayi gida ba akwai yadda ake kiransa. Kowace kalma tana ɗauke da hukunci a kan tafiyar: ko ta halatta, ko ana sa ran dawowa, ko abin kunya ce. Takardar ƙidaya ta haɗa su duka a kalma ɗaya ta Faransanci. Fim ɗin ya fi takardar nisa, amma shi ma bai bar mai kallo ya ji yadda matafiyan suke rarrabe kansu da bakinsu ba.

4.2 Almakashi da Suna

Abu na biyu shi ne wanda yake riƙe da almakashi. Ganda ya yi magana, amma a kan hotunan da wani ya zaɓa, ya yanka, ya jera. An tace fim ɗin ne bisa shawarar Rouch da kamfanin Pierre Braunberger na Faris, kuma wasu fitattun wurare a cikinsa, kamar faɗan da Robinson ya yi da wani Bature ɗan Italiya a kan mace, shiryawa aka yi. Shiryawa ba laifi ba ce, Rouch bai ɓoye cewa yana cakuɗa gaskiya da ƙage ba. Amma sunan da ya hau kan aikin, ya shiga littattafan tarihin fim da manhajojin jami'o'i, na mutum ɗaya ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wata tattaunawa da suka yi a 1965, Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa masu nazarin Afirka irinsa suna kallon mutane ne kamar yadda ake nazarin ƙwari. Maganar ta yi tsauri idan aka auna ta da wannan fim, wanda Sembène kansa bai ƙi shi ba, amma ta taɓa inda ke ciwo: mai kallo da wanda ake kallo ba su taɓa musayar wuri ba.

Amsar da ta fi kowace ƙarfi daga Ganda ta fito. Bayan ya koma Yamai ya koyi aikin fim, ya shirya Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Labarin tsohon sojan Indoshin ne da ya dawo gida, abokai da mata suka taya shi cinye kuɗin sallamarsa, suka watse, daga ƙarshe ya nufi karkara neman abin yi da hannunsa. Kusan rayuwar da aka taɓo a Treichville ce, amma da Zabarmanci, kuma nauyin labarin ya koma kan abin da ɗan gida ya san yana da nauyi: kunyar dawowa, idon jama'a, da yadda girman soja yake narkewa idan aljihu ya bushe. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, shi ne na farko da aka ba wa ita. Ya rasu a 1981. Wanda ya kalli fina-finan nan biyu a jere, na 1958 da na 1969, ya ga bambancin da ke tsakanin a ba mutum dama ya yi magana da ya mallaki maganarsa. Adalci ne kuma a faɗi cewa ta hannun Rouch Ganda ya shiga harkar fim.

4.3 Abin da Ido Ya Gifta

Abu na uku ya fi sauran muhimmanci ga manufar wannan takarda. Nauyin fim ɗin yana kan mashaya, dambe, rawa da mafarkin majigi. Waɗannan gaskiya ne a rayuwar samarin, ba ƙirƙira ba. Amma addini da tsarin zaman baƙi abubuwa ne da ake giftawa ta gefensu. Mai kallo zai gama fim ɗin bai san yadda baƙo yake samun masauki a daren farko ba, ko wa yake ajiye masa kuɗi, wa yake kai saƙonsa gida, wa yake raba shi faɗa da ɗan'uwansa, wa zai yi masa sutura idan ya mutu. Duk wanda ya san zango ya san akwai amsar kowace tambaya a nan. Abner Cohen (1969) ya nuna a Sabo ta Badun yadda maigida yake saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali, a yi cinikin shanu da goro bashi ba tare da takarda ba. Enid Schildkrout (1978) ta nuna irin wannan a zangon Kumasi. A tsakiyar wannan tsari akwai masallaci.

Babban masallacin Treichville da takwaransa na Adjamé, inda manyan tashoshin mota suke, suna cikin wuraren da Musulmin Abijan daga ƙasashe da harsuna dabam-daban suke haɗuwa, kuma Marie Miran (2006) ta rubuta tarihin Musulunci a birnin da yadda al'ummomin baƙi suka kafa masallatansu. Ga mai bincike irin wannan wuri ba wurin samun mutane da yawa a lokaci guda ba ne kawai, ranar Juma'a, a raba musu takarda. Ma'ajiyar sani ce mai tsarinta. A nan ake sanin wane ne ya riga wane zuwa, wane malami ya karanta a wurin wane, wane gida ne yake saukar da mutanen Tawa, wanne ne na mutanen Maraɗi ko Kano. Rouch ya shiga Treichville ta ƙofar samari marasa aure, ya ga abin da ake gani ta wannan ƙofa. Da ta ƙofar liman da masu gida ya shiga, da wani birnin ya gani, shi ma ba cikakke ba.

5.0 Tsohuwar Al'ada a Nazarin Hausa

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan matsalar Faransawa ce ko ta masu fim. Magána Hausa na J. F. Schön (1885), wanda ake lissafawa cikin tubalan farko na rubutun Hausa da boko, mafi yawansa daga bakin Dorugu ya fito, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Sai a 1971 Kirk-Greene da Newman suka fito da labarinsa a matsayin tarihin rayuwar da shi ne mai shi. Littafin tatsuniyoyi da al'adu na R. S. Rattray (1913) Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar Gana ta yau. Rattray ya ambace shi a gabatarwa, amma a kan bango da bakin manazarta littafin na Rattray ne. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa a kan tarihi da zaman Hausawa, kuma an daɗe ana karanta su da sunan wanda ya karɓa kafin Ferguson (1973) da Piłaszewicz (2000) su mayar da su ga mai su. Ƙamusun R. C. Abraham ya fito a 1949 da sunan Malam Mai Kano a gefen nasa, bugu na biyu na 1962 kuwa ya fito da suna ɗaya. Waɗannan mutane ba masu ba da labari ba ne kurum. Sun zaɓa, sun tsara, sun fassara, wato sun yi aikin da idan ɗan jami'a ya yi ake kira nazari.

6.0 Ilimin Gida Yana da Hanyar Bincikensa

Abin da ya sa sauke sunan ya zama babban rashi shi ne, a tsarin karatun zaure suna shi ne hujja. Malami ba ya cewa "an ce" a mas'ala mai nauyi, sai ya faɗi littafi, ya faɗi wanda ya karantar da shi. Ivor Wilks (1968) ya nazarci takardun ijaza na malaman Jula a yankin Gana da Kwaddibuwa da Burkina Faso ta yau, ya tarar cewa wanda ya sauke Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Ashafa ta Alƙali Iyal ana ba shi takarda mai jera sunayen malamai, daga nasa har zuwa sama, kuma silsiloli da yawa suna haɗuwa a kan Alhaji Salim Suwari. Da waɗannan takardu Wilks ya iya bin yaɗuwar ilimi daga gari zuwa gari. Haka marubucin waƙar ajami yakan sa sunansa da na mahaifinsa a baitocin ƙarshe, ya ɓoye shekarar da ya gama a cikin ramzi, mai kwafe littafi kuma ya rubuta sunansa da na wanda ya kwafa dominsa. Wannan shi ne abin da jami'a take koyarwa da sunan madogara, kuma zaure ya riga ta. Amadou Hampâté Bâ, wanda ya ƙare rayuwarsa a Abijan ya rasu a can a 1991, ya nuna a babin da ya rubuta cikin juzu'i na farko na tarihin Afirka na UNESCO cewa masu riƙe da ilimin baka ma suna da silsilarsu, kuma ƙimar magana tana rataye da amincin wanda aka karɓo ta daga gare shi. Irin wannan ne ya sa Wazirin Sakkwato Alhaji Junaidu, a jawabinsa na karɓar digirin girmamawa a Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970, ya yi kukan cewa jami'o'in ƙasar dashe ne da saiwarsu take wata ƙasa. Mai wannan kuka shi ne mutumin da Murray Last ya dogara da iliminsa da ɗakin karatunsa wajen rubuta tarihin Daular Sakkwato (1967).

A Jami'ar Abijan kanta an gwada ɗaukar hanyar gida a mayar da ita fanni. Georges Niangoran-Bouah (1935–2002) ya yi shekaru yana naɗar maganar ganga a masarautun Akan, musamman ta Abron a yankin Bonduku, ya ce take da kirarin da ganga take faɗa kundin tarihi ne da za a iya karantawa, domin makaɗi ba shi da ikon sauya su yadda ya ga dama. Ya buga gabatarwar fannin a 1981. Bahaushen da ya san taken sarakuna a bakin tambari da kakaki ba zai yi mamakin wannan ba. Abin lura shi ne sunan da ya raɗa wa fannin, drummologie, haɗin kalmar Ingilishi ce da ta Girkanci, kamar ilimin gida ba zai sami kujera a jami'a ba sai ya sa kwat. Hanyar da Dalhatu Muhammad (1973) ya bi ta fi dacewa da ɗalibin harshe, domin ya tattara kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen maganar waƙa da adabi, aka gina nazari a kansu.

Sai dai girmama ilimin gida ba ya nufin haɗiye shi ba tauna. Yana da nasa makantar. Silsila takan tsallake mata, takan manta da bayi da talakawa, kuma labarin asali sau da yawa takardar neman matsayi ce: Lovejoy ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi amfani da asali wajen gina amana a fataucin goro. Idan gidaje biyu suna jayayya a kan wanda kakansa ya fara limanci ko sarautar baƙi, kowane gida yana da dattijo mai cikakken labari. Yusufu Bala Usman, a aikinsa kan tarihin Katsina (1981) da rubuce-rubucensa kan tantance madogara, ya nace cewa a yi wa kowace madogara tambaya iri ɗaya, ta Barth ce ko ta maroƙin fada: wa ya faɗa, a gaban wa, don me? Wanda ya ƙi yi wa dattijo wannan tambaya bai girmama shi ba, ya mayar da shi kayan ado ne.

7.0 Ɗalibi a Ƙofar Masallaci

A ɗauka an tura ɗalibi ya nazarci Hausar mazauna Treichville da Adjamé: yadda take aro daga Faransanci da Julanci, yadda karin Tawa da na Kano suke gogayya, da ko jikoki suna riƙe da ita. Idan ya tsaya a ƙofar masallaci da takarda yana tambayar mutane sunansu, garinsu da shekarar da suka shigo, to ya san kamar wa ya yi. A ƙasar nan an ɗora wa baƙi katin zama tun farkon shekarun 1990, ba a ɗauke wa 'yan Afirka ta Yamma shi ba sai 2007, kuma rikicin da aka yi tsakanin 2002 da 2011 ya rataya ƙwarai a kan tambayar wane ne ɗan ƙasa. Mutumin da ya rayu cikin wannan zai amsa tambayar, cikin ladabi, da abin da ba zai cutar da shi ba. Ɗalibi zai koma da takardu cike da amsoshi, ya zana jadawali, jadawalin kuma ba ya auna komai sai tsoro.

Hanyar gida ita ce ya zama baƙo kamar kowane baƙo: ya sami maigida, maigida ya kai shi wurin liman ko shugaban 'yan garinsu, a san ɗan wane ne, almajirin wane ne. Daga nan duk abin da aka gaya masa akwai wanda ya tsaya a kansa, kuma akwai wanda zai koma wa idan magana ta saɓa. Wannan ma yana da farashi, domin ƙofar da aka shiga da ita takan rufe wata: baƙon liman ba lalle ne ya ji Hausar 'yan garba da 'yan tasha da ta mata a cikin gida ba, sai ya nemi wata ƙofar da gangan, ya kuma rubuta a kundinsa ta inda ya shiga.

Batun suna ma a nan yake rikiɗa. An nuna a sama cewa sauke sunan mai ilimi zalunci ne, amma a wurin da takardar zama take iya zama matsala, buga sunan mutum da garinsu da shekarar zuwansa na iya zama cutarwa. Babu ƙa'ida ɗaya da za ta warware wannan daga ofis. Malamin da ya ba da silsilarsa zai so a rubuta ta daidai, harafi da harafi, ɗan dakon da ya ba da labarin yadda ya tsallako iyaka kuwa wataƙila ba zai so ba. Mai maganar ake tambaya, kuma a tambaye shi bayan ya ji abin da aka rubuta, ba kafin ya buɗe baki ba.

A nan ne sassan Hausa suke da wata dama da Rouch bai samu ba, suke kuma da wani tarko. Tun shekarun 1970 ake rubuta kundaye da Hausa a Kano da Zariya, daga baya Sakkwato da sauran wurare, don haka maganar dattijo ba ta bukatar fassara kafin ta shiga kundi. Amma Hausar kundi, da "zubi da tsari" da "jigo" da "farfajiyar bincike", ba ita ce ta zaure ba, kuma Bahaushen Abijan da ya yi makaranta Faransanci ya karanta, wanda bai yi ba kuma ajami ya fi sani a kan boko. Kundin da aka ajiye kwafi huɗu a ɗakin karatu a Kano bai koma Treichville ba don kawai da Hausa aka rubuta shi. Komawarsa ita ce a zauna bayan la'asar a karanta wa waɗanda aka yi hira da su babin da ya shafe su, ko a naɗa shi a tura musu ta waya, a rubuta gyaran da suka yi, da wanda aka karɓa da wanda aka ƙi da dalilin ƙin, a sa shi cikin sashen hanyoyin gudanar da bincike.